Yadda ake ƙara wa keke yawan giya

Kafin ka sayi ko noti ɗaya, ka fara gano abin da kekenka ya gaza yi maka. Hawan tudu ne yake cinye maka gwiwa? Ko a miƙaƙƙiyar hanya ƙafarka take wulwula feda babu abin da take turawa? Ko kuwa in ka sa wannan giya ta yi nauyi, in ka koma ta kusa da ita kuma ta yi sako-sako? Waɗannan matsaloli ba maganinsu ɗaya ba, kuma ta ƙarshen ce kaɗai lallai sai an ƙara yawan giya kafin a rabu da ita.

Ga dalili. Nauyi ko sauƙin giya lissafin haƙora ne: ka raba haƙoran farantin gaba da haƙoran faifan baya da sarƙa take kai. Ƙafar keke babba, wadda ake rubuta wa 700C a jikin taya, takan ci kusan mita 2.1 a juyi guda. In sarƙa tana kan faranti mai haƙora 48 a gaba da faifai mai 14 a baya, kowane zagayen feda zai kai ka kusan mita 7.2. In ƙaramin faifanka mai 11 ne, zagaye ɗaya ya zama mita 9.2. Haka a tudu: 28 a gaba da 28 a baya mita 2.1 ne, amma 28 da 34 ya sauko zuwa kusan 1.7, kuma wannan ragin shi ne bambancin wanda ya haye tudu a zaune da wanda ya sauka ya tura. Ka ga ke nan ƙaramin faifai da babban faifai su ne suke yanke iyakar gudu da iyakar sauƙi. Waɗanda ke tsakani aikinsu rage tsalle.

Saboda haka in tudu ne kawai damuwarka, wataƙila ba ka buƙatar wannan aikin duka. Firiwil, wato dunƙulen fayafayan baya, mai faifai 7 da aka saba gani yana zuwa da haƙora 14, 16, 18, 20, 22, 24, 28. Akwai wani na kamfanin Shimano, shi ma mai 7, wanda ya ƙare da 34 maimakon 28. Ka musanya shi, ka ƙara tsawon sarƙa, ka tabbata majuyin sarƙarka na baya, wato abin da yake kai sarƙa daga faifai zuwa faifai, zai iya hawa 34, shi ke nan. Wanda kuma yake son sauƙin tudu da gudu da tsalle kaɗan-kaɗan gaba ɗaya, shi ne zai bi matakan da ke ƙasa.

Mataki na farko: cire ƙafar baya ka ga irin cibiyarta

Duk aikin a nan yake rataye, kuma nan ne mutane suka fi yin asarar kuɗi. Fayafayan baya iri biyu ne, ga su kamar ɗaya a ido, amma ba sa shiga wurin juna.

Firiwil dunƙule ne guda da ake murɗa shi a kan zaren cibiyar ƙafa. Abin da ke yin ƙas-ƙas ɗin nan in ka daina taka feda yana cikinsa. Kaset kuwa fayafayai ne da ake zura su a kan wani mazauni mai tsage-tsage, a kulle su da zobe, kuma ƙas-ƙas ɗin yana cikin mazaunin, ba cikin fayafayan ba.

Don ka bambance su, cire ƙafar, ka kwantar da ita fayafayan suna kallon sama. Dubi tsakiya, kusa da aksil, za ka ga wasu tsage inda makullin kwancewa yake shiga. Juya fayafayan baya da yatsa kana kallon tsagen nan. In suna juyawa tare da fayafayan, kaset gare ka. In sun tsaya cak fayafayan na zagaya su, firiwil ne.

In firiwil ne, ka ɗauki 7 a matsayin iyakarka. Ana yin mai 8, har da fiye, amma ban ba ka shawararsa ba. A irin wannan cibiya boris ɗin dama yana can ciki, nesa da inda firam ya riƙe aksil, kuma duk faifan da aka ƙara yana ƙara tsawon aksil ɗin da ba shi da madogara. Mai nauyin jiki ko mai ɗaukar kaya zai wayi gari aksil ya lanƙwashe ko ya karye. In kana son wuce 7, ka nemi sabuwar ƙafar baya mai mazaunin kaset, girmanta ɗaya da tsohuwar, kuma mai dacewa da irin birkinka.

In kaset ne, ka yi sa'a, amma da sauran dubawa. Mazaunin Shimano da aka fi samu, wanda suke kira HG, tsawonsa ɗaya ne ga kaset mai 8 da mai 9 da mai 10. Wato daga 8 zuwa 9 ko 10 ba ka taɓa ƙafar. Mazaunin mai 7 na asali ya fi gajarta, kaset mai 8 ba zai zauna a kansa ba. Sai dai kekuna da yawa masu giya 7 an sa musu dogon mazauni ne aka cike giɓin da wani zobe mai kaurin milimita 4.5 a bayan babban faifai. In ka zare kaset ɗinka ka tarar da wannan zoben, hanya a buɗe take har zuwa 10.

Daga 11 abin yakan rarrabu. Kaset mai 11 na keken tsere yana son mazauni da ya ɗara tsawo da milimita 1.85, amma mai 11 na keken hawan dutse, saboda babban faifansa yana lanƙwasawa ta saman wayoyin ƙafa, yakan zauna a kan mazaunin 8 zuwa 10. Masu 12 da yawa kuwa kowane kamfani da nasa mazaunin: Shimano na da Micro Spline, SRAM na da XD. Ga mai tsohon keke, ni a ganina daga 7 ko 8 zuwa 9 shi ne tsallen da ya fi riba. Kayan suna da ƙwari, saitinsu ba ya da tsanani, kuma kusan duk abin da ke jikin keken zai ci gaba da aiki.

Mataki na biyu: auna faɗin firam

Tun ƙafar tana waje, sa ruwula tsakanin kunnuwan firam biyu da aksil yake zama, daga ciki zuwa ciki. Tsofaffin kekuna masu giya 5 sukan ba da milimita 120, masu 6 da 7 na tsere 126, masu 8 zuwa sama na tsere 130, na hawan dutse kuma 135. Dole sabuwar ƙafa ta yi daidai da abin da ka auna.

In firam ɗin ƙarfe ne, kuma bambancin bai wuce daga 126 zuwa 130 ba, kana iya buɗa shi da hannu ka zura ƙafar, ba abin da zai same shi. In ya fi haka, a kai wa mai gyara ya buɗa shi daidai ta gefe biyu ya kuma miƙe kunnuwan. Amma alminiyam da kabon ba a buɗa su, tsagewa suke yi. In ba ka tabbata da irin naka ba, manna masa maganaɗisu: in ya kama, ƙarfe ne.

Wanda kekensa giya ɗaya ce tal, aikinsa ya fi wannan yawa. Yawanci firam ɗin matsattse ne, ba shi da kunnen da ake rataya majuyi, ba shi da maƙalan kebul, sarƙarsa da farantinsa kuma masu kauri ne. Ga irinsa, cibiya mai giya a cikinta, kamar Sturmey-Archer mai 3 ko Shimano Nexus, ta fi dacewa, domin sarƙa tana nan a layinta ɗaya.

Mataki na uku: sayo kayan da suka yarda da juna

Abu uku yawanci sai ka sauya su tare: kaset, da libar giya ta dama, wato wadda kake dannawa ka sauya giyar baya, da sarƙa.

Libar da ke yin ƙat-ƙat, kowane ƙat yana jan kebul gwargwadon tazarar da ke tsakanin faifai da faifai. A kayan Shimano tazarar nan milimita 5 ce a mai 7, 4.8 a mai 8, kusan 4.35 a mai 9, 3.95 a mai 10. Bambancin kaɗan ne a faifai ɗaya, amma yana taruwa. In ka haɗa libar 8 da kaset mai 9, za ka saita faifai biyu ko uku su yi shiru, sauran kuma su yi ta karkarwa, kuma babu murɗin da zai gyara. In libarka tsohuwar nan ce marar ƙat-ƙat, wadda kake ja har sai kunnenka ya ji sarƙa ta zauna, ita ba ruwanta da yawan faifai, muddin tana iya jan kebul har ƙarshe. Ka kuma duba ko libar giyarka haɗe take da ta birki. In haɗe suke, sabuwar ma ta zama mai dacewa da irin birkinka, domin ba duka birki ne suke son jan kebul iri ɗaya ba.

Sarƙa kuwa, tazarar ƙusoshinta rabin inci ce a kowace iri, faɗinta ne yake raguwa. Ta 6 da 7 da 8 ɗaya ce, ta ɗan haura milimita 7. Ta 9 kusan 6.6, ta 10 wajen 6, ta 11 wajen 5.5. Sarƙa mai faɗi a kan matsattsen kaset gogar faifan kusa za ta yi ta yi. Ko da faɗin ya zo ɗaya, kada ka ɗora tsohuwar sarƙa a sabon kaset. Sarƙar da ta miƙe cin haƙora take yi, cikin ɗan lokaci za ta mayar da sabon kamar tsohon.

Majuyin baya fa? Sau da yawa ba sai an sauya shi ba, domin shi bai san lissafin giya ba, abin da liba ta ja shi yake bi. Majuyan Shimano daga na 6 har na 9, na tsere da na dutse, kusan duka jansu ɗaya ne, don haka majuyin da ya yi aiki da 7 zai yi da 9 in bai yi lagwa-lagwa ba. Daga 10 na dutse da 11 na tsere kamfanin ya sauya yadda ake ja, a nan dole majuyi da liba su zama 'yan gida ɗaya. Kada kuma ka gauraya libar SRAM da majuyin Shimano sai in an rubuta ƙarara cewa sun dace.

Akwai lamba biyu da za ka nema a takardar majuyin. Ta farko, babban faifan da zai iya hawa. Ta biyu, yawan ragowar sarƙa da zai iya tattarewa. Lissafin ta biyun shi ne: babban faranti a cire ƙarami, babban faifai a cire ƙarami, a haɗa. Mai faranti 48, 38, 28 da kaset 11 zuwa 34, lissafinsa 20 da 23, wato 43, sai majuyi mai dogon hannu. Mai gajeren hannu zai bar sarƙa tana reto.

Ka haɗa da sabon kebul da sabuwar rigarsa. Rigar kebul ɗin giya daban take da ta birki, kuma ko kusa kada ka sa ta giya a birki, fashewa take yi in an matse da ƙarfi. Kayan aiki kuma: makullin zoben kaset, bulalar sarƙa wadda ake riƙe kaset da ita, babban sifana, alanki mai lamba 4 da 5, sukudireba, abin yanke sarƙa, abin yanke kebul mai kaifi, da giris.

Mataki na huɗu: sauke tsoho, ɗora sabo

Tsinke tsohuwar sarƙa ka ajiye. Tsayar da ƙafar a ƙasa ta jingina da ƙafafunka, fayafayan suna kallon gaba. Zura makulli cikin zoben kulle, naɗa bulalar sarƙa a ɗaya daga manyan fayafayan don kada kaset ya juya, sannan ka kwance zoben ta hagu, saɓanin tafiyar agogo. Zai yi gar-gar-gar kafin ya saki, haka yake, ba wani abu ne ya karye ba. Firiwil kuwa ba ya buƙatar bulala, makullinsa da dogon sifana kawai, sai dai yana da taurin kai, domin duk takun feda da aka taɓa yi ƙara ɗaure shi yake yi. In firiwil za ka mayar, shafa giris a zaren, ka fara murɗa shi da hannu a hankali don kada ya hau zare a karkace.

Goge mazaunin kaset tas, ka shafa giris kaɗan. Dubi tsagen da ke jikinsa: akwai guda ɗaya da ya fi sauran faɗi, a cikin kowane faifai ma akwai haƙori ɗaya mai faɗi. Su za ka haɗa, faifan ya zura ba tare da dole ba. Lambar haƙora da aka buga a jikin faifai ta kalli waje. Ƙananan fayafayan sukan zo a warware, wasu da zoben tazara tsakaninsu, ka jera su yadda suka fito daga kwali. Yi amfani da zoben kullen da ya zo da kaset ɗin, musamman in ƙaramin faifai mai haƙora 11 ne, domin zoben mai haƙora 12 ya fi faɗi kuma zai hana sarƙa zama. Ana ɗaure shi da ƙarfin 40 Nm (Nm ma'aunin ƙarfin ɗauri ne), lambar ma tana rubuce a jikinsa. In ba ka da ma'auni, ɗauri ne mai ƙarfi sosai. Ka kama babban faifai ka girgiza. In kaset yana motsi gefe da gefe, akwai zoben cike giɓi da ya rage.

Mayar da ƙafar, ka tabbata ta zauna har ƙarshen kunnuwan firam. Sai ka tsuguna a bayan keken ka dubi majuyi. Ƙananan garensa biyu su kasance a miƙe, ɗaya ƙarƙashin ɗaya, layi ɗaya da fayafayan. In sun karkata ciki, kunnen da majuyi yake rataye ne ya lanƙwashe, abin da yakan faru duk lokacin da keke ya faɗi ta dama. Giya 7 takan haƙura da ɗan lanƙwasa, 9 da 10 ba sa haƙura. A miƙe shi ko a sauya shi kafin ka ci gaba, in ba haka ba saitin da za ka yi duk wahalar banza ce.

Mataki na biyar: tsawon sarƙa

Naɗa sabuwar sarƙa a kan babban faranti da babban faifai, ba tare da ka bi da ita ta cikin majuyi ba. Ja bakunan biyu su haɗu, sannan ka ƙara gaɓa biyu, wato inci ɗaya, ka yanke a nan. In da mahaɗin da ake ɗanawa da hannu za ka haɗa, ka lissafa shi cikin gaɓa biyun, kuma bakunan biyu duka su ƙare da siririyar gaɓa ta ciki. In kana shakka, bar ta da ɗan tsawo, ragewa ba wuya. Gajeriyar sarƙa ita ce mai haɗari: ranar da ka manta ka haɗa babba da babba, za ta fizge majuyin.

Yanzu bi da ita ta cikin majuyi: ta gaban garen sama, ta bayan garen ƙasa. Tsakanin garen biyu akwai wani ɗan harshen ƙarfe, ka lura sarƙa ta wuce ba ta hau kansa ba. Mutane da yawa sukan yi wannan kuskuren, keken ya yi ta ƙara ana neman dalili a wani wuri. In sarƙar tana da rubutu a gefe ɗaya kawai, rubutun ya kalli waje.

Mataki na shida: saiti

A fara da iyakoki tun ba a ɗaura kebul ba. A jikin majuyi akwai sukuru biyu, H da L. Juya feda sarƙa ta sauko kan ƙaramin faifai, ka murɗa H har garen sama ya tsaya daidai ƙarƙashinsa. Sannan kana juya feda ka tura majuyin ciki da babban yatsa har sarƙa ta hau babban faifai, ka murɗa L har garen ya tsaya ƙarƙashin babban faifan, kuma ko ka ƙara turawa ya ƙi wucewa. Kada ka yi wa L sakaci. In majuyi ya wuce iyaka ya faɗa cikin wayoyin ƙafa kana tafe, majuyi da wayoyi da kunnen firam duk a lokaci ɗaya za su tafi, kai ma kana iya zuwa ƙasa.

Sai kebul. Ɗaura sabuwar liba, ka danna ta har ta saki kebul gaba ɗaya, wato giyar ƙaramin faifai. Yanke riga daidai tsawon tsohuwar in tsohuwar ba ta matse ba ko ka karya kan keke har ƙarshe, ka buɗe bakin da tsinke in ya murƙushe, ka sa hulunan bakin. Notin saiti, wanda ake murɗawa da yatsa a inda kebul ke shiga majuyi ko liba, ɗaure shi har ƙarshe sannan ka kwance shi zagaye ɗaya ko biyu, don ka sami wurin motsi ta kowane ɓangare. Ja kebul da hannu ya miƙe, ka ɗaure shi. A ƙarƙashin notin da ke riƙe shi akwai ɗan kwarmi da aka yi wa kebul. Ta nan zai bi. In ya bi ta ɗaya gefen notin, jan ya sauya, giya ba za ta taɓa daidaita ba.

Ɗaga ƙafar baya, juya feda, danna liba sau ɗaya. Sarƙa ta hau faifai na biyu nan take. In ta yi jinkiri ko ta ƙi, kebul ya yi sako-sako: kwance notin saiti kwatan zagaye, sake gwadawa. In ta hau har tana gogar na uku, ko kuma tana jinkirin saukowa, ya yi tauri: ɗaure notin kwatan zagaye. Kwata-kwata ake bi, ba zagaye guda ba. In na biyu da na uku sun yi shiru, bi sauran ɗaya bayan ɗaya, hawa da sauka. In hawa na jinkiri sauka ma na jinkiri, ba saiti ba ne, kebul ne yake cijewa a cikin riga.

Saura sukuru na uku, B, mai nisanta garen sama daga fayafayan. Sa sarƙa a ƙaramin faranti da babban faifai, ka bar tazarar milimita 5 zuwa 6 tsakanin garen da haƙoran faifan, sai in takardar majuyinka ta faɗi wata lamba daban. In ya matso da yawa za ka ji gurnani, in ya yi nisa sauyin giya zai yi sanyi. Yanke ragowar kebul ka bar kamar santimita 3, ka matse masa hula don kada ya warware.

Gaba kuwa, daga 7 ko 8 zuwa 9, faranti da majuyin gaba sukan ci gaba da aiki, illa ɗan gyaran saiti. In ka kai 10 ko fiye da tsohon faranti, siririyar sarƙa tana iya faɗawa tsakanin faranti biyu ta maƙale, don haka ka gwada sauyin gaba sau da yawa a tsaye. Dubi haƙoran farantin ma: in sun yi tsini sun ƙwaƙule ta gefe ɗaya, sabuwar sarƙa za ta riƙa zamewa a kansu in ka taka da ƙarfi, sai a sauya farantin.

Gwajin farko ka yi shi a fili marar motoci, kana zaune a sirdi, ka matsa birki biyu tukuna tunda ka cire ƙafa ka mayar. Bi giya duka, kana sassauta taku a daidai lokacin sauyi, sannan ka nemi ɗan tudu ka gwada manyan fayafayan da nauyi. Bayan 'yan kwanaki za ka ji hawa manyan fayafayan ya fara jinkiri. Sabuwar riga ce ta gama zama cikin hulunanta, kebul ya ɗan saki. Kwance notin saiti kwata ɗaya ko biyu, ka sake duba ɗaurin zoben kaset da iyakar L.